Fararen Takardun Malam Ladan

Duk wanda ya taɓa shiga ƙaramin laburaren da ke bayan layin teloli a Shango ya san Malam Ladan, ko da bai san sunansa ba. Shi ne siririn dattijon nan da ke zama a lungun hagu kusa da taga, basilla a hannu, zare a baki, wanda ba ya amsa gaisuwa sai ya gama ƙulli. Aikinsa ɗinkin littafi. Shekara talatin da ɗaya yana yi, kuma idan ka yaba masa zai ce har yanzu koyo yake, amma da muryar mutumin da ya san duk Minna babu na biyunsa.

Kakansa baduku ne, jirgin ƙasa ya kawo shi garin nan daga ƙasar Zazzau. Mahaifinsa ya ƙare rayuwarsa yana gyaran kujerun tarago. Ladan ya gaji basillar, amma kafin ya kawo ƙarfi aikin jirgi ya ja baya, sai ya shiga laburare a matsayin mai shara. Wata rana ya tsinci wani littafi a kwando ya rabu gida uku, ya tafi da shi gida, washegari ya dawo da shi a ɗinke. Tun daga ranar tsintsiya ta koma hannun wani.

Yana da tsarinsa, kuma ba mai sa shi ya sauya. Zai warware littafi shafi-shafi, ya shanya, ya jera, ya ɗinke da zaren da ya goga wa kakin zuma. Bango kuwa da kwali yake yi, ya lulluɓe da ƙyallayen da teloli ke tara masa, shi ya sa za ka ga littafin noman doya sanye da shadda. Sai ya danne shi kwana uku da wani guntun ƙarfen dogo. Abu na ƙarshe, wanda ya fi jin daɗinsa, shi ne 'yar takardar nan da ake mannawa a cikin bango, inda ake buga hatimin kwanan wata duk lokacin da wani ya ari littafin. Tsohuwar, wadda hatimi ya cika har ya hau kan juna, da maiƙon hannu da ɗigon miya, sai ya ɓamɓare ta ya jefa a murhun da yake narka gam, ya manna sabuwa fara fat. Ya kan ce shi ba zai yi wa yaro wanka ya mayar masa da rigar datti ba. Shugabanni huɗu ya yi aiki da su, ba wanda ya taɓa ce masa don me. Yabo ma suke yi.

Shugabarsa ta yanzu ita ce Madam Magdalina Gaiya, wadda iyayenta suka zo daga kudancin Kaduna tun tana goye. Mace ce mai faɗa da bakin tsiya, amma ita ce ta buɗe ajin ranar Laraba, inda matan unguwa, yawancinsu 'yan kasuwa, ke zuwa koyon karatu. Waɗannan mata ba ruwansu da manyan littattafan Turanci da ɗaliban jami'ar Gidan Kwano ke rububi lokacin jarrabawa. Tasu ita ce kanta ta uku, inda ake jera na Hausa da Nufanci da Gbagyi: tatsuniyoyi, kula da mai jego, kiwon kaji, labarin yadda aka shimfiɗa hanyar jirgi. Littattafan kantar nan sun sha hannu har sun yi laushi kamar tsohon zane.

A daminar bara waccan iska ta ɗaga kwano daidai saman kanta ta uku, ruwa ya kwana yana zuba. Rajistar aro ma, da ke kan teburin gefe, ta zama kunu. Madam ta tsaya tana kallon ɓarnar, hawaye na zubo mata, ta ce an gama. Malam Ladan ya ce ba a gama ba. Ta dakatar da aro daga kantar, mata suka koma karatu a cikin ɗaki kawai, shi kuma ya duƙufa. Wata goma sha tara ya yi yana ɗinki, har idonsa na dama ya fara yi masa hazo. Littafi ɗari shida da goma sha biyu ya tayar, kowanne da sabon bango da sabuwar takarda. Ranar da ya jera na ƙarshe, sai da ya kira teloli su zo su gani.

Mako biyu bayan haka takarda ta zo daga hedikwata. An ƙidaya masu shiga laburare a faɗin jiha, an ga sun ragu, matasa duk sun koma waya. Don haka za a sa kwamfutoci a kowane reshe, kuma ana bukatar fili. Dokar ɗaya ce ko'ina: littafin da ba a ara ba cikin shekara goma, a fitar da shi. Maganar gaskiya, dokar ba ta wauta ba ce. Akwai littattafan da tun da aka kawo su ƙadangare kaɗai ke ziyartarsu.

Wanda aka turo ya tantance wani ma'aikaci ne mai suna Eric, mai ladabi, ya gama da reshen Kuta ya zo nan. Aikinsa mai sauƙi ne. Ya buɗe bango, ya ɗauki hoton takardar aro da waya, hoton ya wuce hedikwata nan take. Idan babu hatimi, ya manna jan tambari a gadon bayan littafin.

Da ya iso kanta ta uku, Malam Ladan ya ajiye basilla yana leƙe ta wutsiyar ido, yana jiran yabo. Ya kuwa samu.

"Baba, kai ne ka yi wannan aiki?" in ji Eric yana shafa wani bango. "Kai, ya yi kyau sosai."

"Ɗan abin da aka iya ne," in ji Malam Ladan, ya koma kan ɗinkinsa yana murmushi.

Sai bayan azahar, da ya dawo daga masallaci, ya ɗaga kai ya ga kantar ta yi ja tun daga sama har ƙasa. Ya matsa ya zaro guda, ya buɗe, ya ga farar takardarsa tana kallonsa. Ya zaro wani, haka. A nan tsaye ya gane abin da ya aikata. Ba wanda ya cuce shi, ba wanda ya yi masa makirci. Da hannunsa ya ƙona shaidar, ɗaya bayan ɗaya, yana jin daɗi.

"Ɗana, tsaya," ya ce wa Eric. "Waɗannan su ne aka fi karantawa a ɗakin nan. Don an karanta su ne suka mutu, ni na tashe su. Takardun da ka gani ni na sa."

"To ina tsofaffin, Baba?"

"Na hura wuta da su."

Madam Magdalina ta fito daga ofis, ta ji bayani, ta ɗora hannu a ka. "Malam! Shekara nawa ina ganin ka kana yi, ban taɓa tunani ba. Wayyo Allah, ni ma da laifina." Ta juya ga Eric. "Ka kira su. Ka gaya musu ni na ce, ni zan sa hannu."

Eric ya kira, ba a ce bai yi ƙoƙari ba. Ya fita waje ya fi minti ashirin yana magana, ya dawo fuska a saɓule. An ce masa kowane reshe haka yake rantsuwa cewa littattafansa ana karantawa, shi ya sa aka tsaya kan takarda. In an ɗaga wa Shango ƙafa, sai an ɗaga wa kowa. Hotuna sun riga sun shiga, ko an buga hatimi yanzu ba zai canza kome ba.

"Mota zai zo ran Jumma'a," in ji shi. "Ka yi haƙuri, Baba."

Kwana biyu Malam Ladan bai taɓa basilla ba. Yana zuwa, ya zauna, ya tashi. Abin da ke cin sa ba wahalar wata goma sha tara ba ce. Kunya ce, da tunanin matan Laraba. Yawancin littattafan nan an daina buga su tun da daɗewa, ko kasuwa ka zagaye ba za ka samu ba. Ya rasa da wane baki zai gaya musu cewa tsabtarsa ce ta raba su da kantarsu.

Madam ce ta samo 'yar kafa. Ranar Laraba da safe ta ajiye hatimi da tawada a kan tebur da ƙarfi, ta ce, "Ba wanda ya rubuto min cewa in rufe aro. Yau na buɗe. Kowane kati littafi biyu, haka doka ya ce."

Mata talatin da bakwai suka zo. Malam Ladan ya miƙe a gabansu, ya cire hula ya mayar, ya faɗi abin da ya yi ba tare da ya rage kome ba. Hajiya Jummai mai daddawa, wadda ta fara haɗa baƙi tana da shekara hamsin da biyar, ita ce ta fara magana.

"Malam, ai gyara ka yi niyya. Allah ya ga zuciyarka. Kai ka san su, zaɓar mana."

Wannan ya fi masa zagi ciwo. Saba'in da huɗu zai zaɓa cikin ɗari shida da goma sha biyu, alhali ba guda ɗaya da bai san inda ya yage ba. Ya ɗauki na mai jego, ya bar na kiwon kaji. Ya ɗauki na Gbagyi guda tara, don ya tabbata babu irinsu a ko'ina, ya tsallake tatsuniyoyin da ya fi so. Hannunsa ya kai kan wasu ya dawo har sau uku.

"Yaushe za mu dawo da su?" Hajiya Jummai ta tambaya, tana ƙulle nata a gefen mayafi.

Madam ta dubi Malam Ladan. Su biyun sun san duk littafin da ya dawo da jan tambari, mota ta gaba zai bi.

"Ku riƙe tukuna, Hajiya," in ji shi. "Kada ruwa ya taɓa su."

Ranar Jumma'a bai bari 'yan dako sun taɓa kantar ba. Shi ya sauke sauran da kansa, ya jera su a kwali gadon baya na kallon sama, don kada ɗinki ya karye, ya ɗaure kowane kwali da igiya. Ya tambayi Eric ina za a kai su, Eric ya ce sito, daga nan kuma bai sani ba.

Direban motar, wani mai surutu da ake kira Ndako, ya zaro guda daga kwalin ƙarshe kafin a ɗaure, ya juya shi, ya buɗe bango, ya yi tsaki.

"Kai, mutanenmu da ƙin karatu! Dubi littafi sabo fil, ko mutum ɗaya bai taɓa buɗe shi ba."

Madam ta buɗe baki za ta wanke shi tas, Malam Ladan ya ɗaga mata hannu. Ya karɓi littafin, ya rufe, ya mayar da shi gurbinsa.

"Haka na so a gan shi," ya ce. Sannan ya ja igiyar ya ƙulle.