Shekarar da Sharon ta Cinye Mini Gayauna

Wata safiyar Asabar cikin bazarar 2016, ina aji shida na firamare, na tsuguna a gayaunata da ke bakin kanal ɗin ruwan Tiga, na tsinki ganyen tumatir na ɗaga shi saitin rana. Ya yi fari kamar leda, ga kuma wata 'yar tsutsa can cikin ganyen, tsakanin fata da fata, tana ta cin abinta hankali kwance.

Shekarar ce Baba ya fara yanka mini 'yan kunyoyi a ƙarshen gonarmu ta Bebeji, ya ce in na riƙe su har ɗiba, wurin ya zama nawa. Ai kuwa na ɗauki abin da zafi. Langa da ƙwallon tsumma duk na bar wa yara. Ana tashi daga makaranta zan jefar da jaka in zari fartanya, ni ne ban ruwa, ni ne cire ciyawa, ni ne korar awakin Inna. Tumatir ya yi fure, ya fara 'ya'ya, har yayyena na tsokanata da “sarkin noma”.

Sai ga wannan masifa da manoma suka sa wa suna sharon. Ta fara da babbar gonar Baba. Aka yi feshi, aka sake, aka canza magani, kamar ana yi mata wanka. To ina magani zai same ta, tana ƙunshe cikin ganye? Direbobin Kwanar Dangora suka ce haka abin yake a Kiru da Tudun Wada. Da Baba ya ga ba sarki sai Allah, ya sa aka tuge gonar kaf, aka tara a jujin da tun kakanni ake zuba tarkacen gona ya ruɓe ya zama taki. Jujin nan kuwa jikin gayaunata yake! Na roƙa a kai shi nesa, Baba ya ce, “Kai, ba a zubar da taki, haka muka tarar.” Kullum da la'asar sakaliya sai in ga wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu ruwan toka suna tashi daga tarin, ban san su ne iyayen tsutsar ba.

Na bi ganye ɗaya-ɗaya ina murtsuke ta har yatsuna suka yi kore, amma a banza. Ta gama da ganye ta huda 'ya'yan, wurin ya koma kamar an banka masa wuta. Wallahi na yi kuka don takaici.

Sai da na girma na ji cewa daga Kudancin Amurka sharon ta taso, ta ƙetaro teku har ta iso mana, kuma da an ƙone tarin nan da wataƙila na ɗebi ko kwando guda. Haushin da nake ji ke nan har gobe. Yanzu manoma sun san tarkon kama ƙwarin, sun san ƙonawa, sai dai gonarmu ta koma ta shinkafa tun shekarar, ba a sake yanka wa kowa gayauna ba. Nakan tsaya a bakin kanal ɗin in kasa gane inda kunyoyina suke. Ko miya ɗaya Inna ba ta yi da tumatirina ba.