Tsohuwar Taswirar Baba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Isa, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da labarin ƙasa a Lafiya. Har yau in na shiga falonsa a unguwar Bukan Sidi, idona kan fara sauka kan tsohuwar taswirar Afirka da wani fadan coci Bature ya bar masa.

Taswira ce ta zamanin da Turawa ba su san cikin nahiyar ba sai bakin teku. An shimfiɗa wasu duwatsu da Allah bai halitta ba. Kogin Binuwai babu shi sam. Inda Lafiya take kuwa fili ne fari fat, sai giwa guda a tsaye. Baba kan ɗora yatsa a kanta ya yi dariya, ya ce, "Ga gonar kakanki nan, giwa ta take masa doya."

Bai taɓa jin haushin masu zanen ba. Cewa yake rashin sani ya fi dare duhu, kuma wanda ya bar fili ya fi wanda ya ƙago dutse gaskiya.

Yanzu waya ce ke faɗa wa ɗan acaɓa inda zai karya kwana. Da Baba na nan, na san sai ya karɓa ya leƙa rufin gidanmu daga sama, ya yi tasbihi, sannan ya tambaya ko wayar ta san sunan rafin bayan Akurba.

Da tsufa ya zo, mantuwa ta kama shi. Wata safiya ya fita sallah bai dawo ba. Muka bi masallatai da asibiti, Inna tana kuka. Ashe ya miƙi hanyar Shabu a ƙafa. Can wata mai sayar da doya, Doose, ƴar ƙabilar Tibi da ya koyar tun tana yarinya, ta hango shi tsaye cikin rana.

"Malam, ni ce Doose. Ina za ka je?"

"Ƴata, ban san inda nake ba."

Daga baya ta faɗa mana bai gane ta ba, kuma ya ƙi hawa babur ɗinta. Sai ta ce masa ya tuna mata kogunan da ke zuba cikin Binuwai, ta manta. Nan take ya gyara tsayuwa ya fara jero su. A haka ta lallaɓa shi ya hau babur ɗin, ta kawo shi har gida, yana bayanta yana ba ta darasi.

Bai bar mana dukiya ba, mutane ya bari. Duk shekara in sabuwar doya ta fito, Doose kan kawo wa Inna, ta zauna a tabarma. Mu ɗaga hannu mu yi masa addu'a, ita ta sunkuyar da kai ta yi tata, mu haɗu a amin.

Allah Ya haskaka makwancinka, Baba.