Mai Tsaron Rumbun da Ya Kurumce

A shekarun da ake ta maganar za a ɗauke wa garinmu sunansa na Abuja a ba sabon birni, mu a bar mu da Suleja, a lokacin ne kakata Iya Delu ta fara ramewa. Ina 'yar shekara tara. Manya na can ƙofar gida suna gardamar suna, ni kuwa abin da ya dame ni bai wuce a sauke tukunyar tuwo mu kewaye murhu ba, a tura doya cikin garwashi, Iya ta miƙe ƙafa.

Ba ta ba da tatsuniya kyauta. Sai an kawo mata kunun zaƙi a ƙwaryarta, don ƙishirwa ba ta barinta, ta sha ruwa ta sha, bakin a bushe. Ni ce mai kawowa, kuma ba na ba kowa wannan aiki. Da Baba ya ga tana ƙara zubewa alhali tana ci kamar manomi, sai ya je kasuwar Gawu ya sayo zuma cikin gora, ya ce a riƙa zuba mata a kunun ko ta yi ƙarfi. Ni kuwa da rawar kai, in aka ce cokali ɗaya sai in zuba uku.

"Uwar surutu, yau ma kin yi mini hannun sarauta," in ji ta, tana lasar leɓe. "To, ga ta nan. Mai gyangyaɗi ya tashi ya ba mu wuri."

Akwai wadda ta fi maimaitawa a wannan daminar. Wai wani gari ne mai rumbu ɗaya tak, da wani tsoho da ke tsaronsa. Ba ya leƙa gidan kowa, da kunne yake aiki. In ya ji turame na ƙara a gidaje, ya san akwai hatsi, sai ya rufe rumbu, ya ma karɓi rara ya adana. In ya ji garin shiru, sai ya buɗe ya fitar. Masu gadin ƙofofin gidaje su ma suna jiran kiran sankira ne kafin su buɗe a shigo da hatsin. Haka aka zauna lafiya, ba yunwa ba ɓarna. Sai wata shekara kurumta ta shigo garin. Tsoho bai ƙara jin daka ba, ya ɗauka fari aka yi, ya dinga kwararo hatsi dare da rana. Masu gadi ba su ji sankira ba, suka bar ƙofofi a garƙame. Hatsi ya cika lunguna, ya toshe rijiyoyi, tururuwa ta yi biki, mutane kuma suna ciki suna mutuwa da yunwa.

Na ce, "Iya, sai wa ya zo ya cece su?"

"Ba wanda ya zo."

"To ai ba a gama tatsuniya haka!"

"Wannan haka take ƙarewa. Tsohon ma ba mugu ba ne, 'yar nan, taimako yake yi."

Na yi fushi ranar, har na ƙi cin doyata.

Kafin lokacin kaka ya zagayo, idanun Iya sun yi hazo. Wata ƙaya ta soke ta a diddige, ba ta ma ji ba, miki ya buɗe ya ƙi warkewa. Lokacin da aka kai ta asibiti aka ce ciwon sukari ne, ƙafar ta riga ta yi baƙi. Ma'aikaciyar da ta duba ta ta tambayi Baba me take ci a gida. Ya faɗa mata har da zumar, da alfaharinsa, don ya nuna bai yi sakaci da mahaifiyarsa ba. Matar dai ta sunkuyar da kai. Kwana goma sha ɗaya Iya ta ƙara a duniya.

Na girma na zama malama a makarantar koyon jinya, kuma abin da aka ba ni in koyar shi ne yadda jiki ke sarrafa sukari. Ranar da na fara fahimtarsa a littafi, kuka na yi. Hanta ita ce rumbun. A cikin ƙwayoyinta akwai sinadaran da ake kira enzayim, waɗansu na tara sukari, waɗansu na sakinsa, kuma kowanne na tsayawa ko ya ci gaba ne bisa saƙon da ya iso masa. Wani sinadari mai suna insulin ne ke kawo saƙon cewa an ƙoshi. In ƙwayoyin suka daina jin sa, hanta ta yi ta zubo sukari cikin jini, tsoka kuma ta ƙi buɗe masa. Ban san ko Iya ta ji haka a jikinta ne ta mayar da shi tatsuniya ba, ban kuma da wanda zan tambaya.

Na daɗe ina lallashin kaina cewa da mun sani da ta rayu. Bara aka auna jinina, aka ce ni ma ina da ciwon sukari. Ina shan magani, na bar duk abin da aka ce in bari, amma yatsun ƙafata ta hagu sun fara mutuwa. Na san sunan kowane enzayim, zan iya zana su a allo ido rufe, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ke jin muryata.