Mai Gwada wa Kare Katifa

Tun da Ishaq ya dawo daga karatu a waje, yake shakkar akwai mai saya wa kare shimfiɗa a Talata Mafara. Sai ga wani dattijo mai tumbi a rumfar katifu, da alama tsohon ma'aikaci ne, yana jan kare marar gashin kirki, gwiwoyinsa duk kanta saboda kwanan siminti. Mai rumfa ya rantse kare ba zai taɓa masa haja ba. Dattijon ya tuɓe hula, ya haye katifar da kansa, ya naɗe kamar karen, yana juyi yana nishi.

Ishaq ya gaishe shi, ya ce, "Baba, iyalinka fa, bisa me suke kwana?"

"Tabarma mana, ɗana. Su ai ba su haushi in ɓarayi sun zo."