Saiwoyin Malama Saratu

Jiya ina raba saiwar furen ayiris, mai kama da citta, sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tuna mini da Baffa. Furanni iri-iri yake tarawa a unguwarmu Sabon Layi a Mubi, suna musaya da maƙwabciyarmu Malama Saratu.

Da muka komo Mubi daga gudun hijira, ita ba ta dawo ba. Baffa ya durƙusa cikin tokar gidanta, ya tono saiwoyi uku da yatsunsa, ya dasa su daban.

Na ce, "Baffa, a haɗa da naka mana."

Ya ce, "Ajiya ce, mai ita za ta zo."

Har ya rasu bai ji labarinta ba. Allah Ya jiƙansa, ita kuma Ya tsare ta duk inda take.