Dabinon Inna da Kalmar Bature

Ina da mata da 'ya'ya uku lokacin da na fara koyon Turanci, shekaru kaɗan bayan Nasara sun ci Kano. A Dutse aka haife ni. Mahaifina malami ne, a gabansa na sauke Alƙur'ani, na kuma taɓa nahawu daidai gwargwado. Saboda hannuna yana da kyau aka ɗauke ni rubuta wasiƙu da ajami a gidan hakimi.

Wata damina wani Bature ya zo rangadi tare da akawunsa, Kirista, mutumin bakin teku. Kurkunu ya kama akawun a ƙafa, sai Baturen ya wuce ya bar shi a bariki yana jinya. Hakimi ya ce in riƙa duba shi. Kullum bayan azahar nakan same shi a gindin tsamiya ya miƙe ƙafar, ina gyara masa Hausa, yana koya mini nasu.

Ranar da ya kawo ni kan yadda ake cewa abu na wane ne, sai ya cire hularsa ya ɗaga, ya ce, “The cap of the clerk.” Ya nuna ƙofar bariki: “The door of the house.” Ya nuna dokin da ke ɗaure: “The horse of the chief.” Nan take na gane. Hular akawu, ƙofar gida, dokin hakimi. Abu a gaba, mai shi a baya, sai wata 'yar kalma, “of”, a tsakani. Haka muke jerawa, haka Larabawa ma suke yi. Akwai wata hanyar da ake laƙa harafi a wutsiyar sunan mai abu, a sa shi gaba, a mai da abin baya. Wannan kam harshena ya ƙi ta. Sai na rungumi “of”, ko'ina ita nake sakawa.

Akawun ya lura. Wata rana ya ɗaga moɗa ya ce, “A cup of water. To Malam, ruwa ne ya mallaki moɗar?”

Na yi dariya.

“Ba abin dariya ba ne,” in ji shi. “Wani lokaci tana nufin mallaka, wani lokaci tana nufin inda abu yake ne kawai. In kana son ka faɗi mai abu, ba gardama, ka ce belongs to.”

Na ce to. A raina kuwa cewa na yi ai mu ma muna cewa tulun ruwa, muna cewa mutanen Dutse, ba wanda ya taɓa rikicewa.

Bayan shekara biyu na zama tafintan da ake kira duk sa'ad da Bature ya sauka.

Akwai wata tsohuwa a unguwarmu, aminiyar mahaifiyata, muna ce mata Inna. Ta goya ni ina ƙarami. Mijinta ya rasu ya bar gona a bakin fadama, da dabino tara da ya dasa da hannunsa. Da aka raba gado, gonar ta faɗa hannun ƙanensa, aka bar wa Inna itatuwan a matsayin rabonta. Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu, ƙasa ta wani, itace na wani. Kowa a unguwa ya sani. In dabinon ya nuna sai ta sa a hau a sauko mata da shi, da shi take riƙon kanta da jikoki biyu marayu da ɗanta ya bari.

Sai rikicin iyaka ya tashi tsakanin ƙanen mijin nata da maƙwabcinsa. Ya yi daidai da zuwan Bature, hakimi ya ce a je a gwada masa. Muka tsaya cikin gonar da hantsi, mutane suna zubewa suna cewa, “Zaki!” Baturen ya auna da ƙafa, ya zana a takarda, sannan ya nuna itatuwan da sandarsa ya tambaye ni a wane ɓangare suke. Na juya na tambayi ƙanen mijin.

Ya ce, “Dabinon gonar nan ne, ranka ya daɗe. Ta nan iyakar ta bi bayansu.”

Bai yi ƙarya ba. Inda suke aka tambaye shi, inda suke ya faɗa. Ni kuma na juya na ce wa Bature, “They are the trees of this farm.” Ya rubuta. Har na ji daɗin yadda maganar ta fita sumul ban yi in'ina ba. Aka kafa duwatsu a iyaka, aka bai wa mai gona takarda, kowa ya watse. Inna ba ta ma san an yi ba.

Shekara uku ba abin da ya canza. Sai ƙanen mijin ya rasu, babban ɗansa ya gaji gonar. Shi wannan ya daɗe yana fatauci a Kano, ya san darajar takarda. Da dabino ya fara ja, Inna ta aika a hau mata, ya kori mai hawan. Dattawan unguwa suka je suka yi masa magana, ya ce shi ba ya jayayya da manya, amma yana da takardar Bature, a je a karanta. Aka kai magana gaban alƙali, ya ji shaidu, duk suka ce itatuwan na Inna ne. Amma da aka miƙa masa takarda mai hatimin Nasara sai ya ƙi taɓa ta, ya ce a jira mai ita.

Wani Bature ne dabam ya zo, saurayi mai saurin fushi. A hanya ya sa an yi wa wani masinja bulala don ya kawo masa saƙo ba daidai ba, labarin ya riga shi isowa. Aka zauna a rumfar bariki. Inna ta zo da mayafinta na saƙi, ta durƙusa can gefe. Da ta gan ni tsaye kusa da kujerarsa sai fuskarta ta saki.

Ta ce, “Alhamdu lillahi, ɗana ne. Kai ka san bakinsu. Gaya masa yadda abin yake.”

Na gaya masa. A wannan karon na yi amfani da kalmar da akawu ya koya mini, na ce itatuwan “belong to” tsohuwar nan. Ya saurara, ya buɗe takardar, ya sa yatsa a kan layin ya karanta da ƙarfi: “The trees of this farm.” Ya ce ɗan'uwansa Bature ya riga ya yanke, itatuwa na gona ne, gona kuwa ta wannan mutum ce. Sannan ya ɗago ya dube ni ya ce, ko kuwa wanda ya yi tafinta a ranar ne ya faɗi abin da ba shi ke nan ba? Wane ne shi?

Ba wanda ya ji tambayar a rumfar nan sai ni. Abin da ya rage kawai in ce ni ne, kuma ba mallaka na nufa ba, wuri na nufa. Na tuna masinjan. Na tuna 'ya'yana, da rigar da hakimi ya ba ni. Na ce masa ban tuna ba, an daɗe.

Ya rufe takardar.

Inna ta ce, “Me ya ce?”

“Inna, ya ce takarda ta ce dabinon na gonar ne.”

“Gona tana cin dabino ne?” Ta dubi mutane, ba wanda ya ɗaga kai. Ta sake dubana. “To wa ya gaya wa takardar haka?”

Na ce, “Ki yi haƙuri, Inna.”

Ta dafa ƙasa ta tashi. Har ta kai bakin rumfa ta juyo ta ce, “Allah ya yi maka albarka, ka yi iya ƙoƙarinka.”

Daminar da ta biyo baya ruwa ya ɗauke tun gero bai fitar da kai ba. Aka shiga yunwa irin wadda tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Mutane suka cinye iri, suka koma cin ganyen tafasa da dusa, har gidan tururuwa ake tonawa don neman ƙwayar hatsi. Dabinon kuwa da yake saiwarsa tana cikin fadama, ya yi 'ya'ya kamar ba abin da ake ciki. Mai gona ya sa mutum da sanda yana gadi. Na sha ganin jikokin Inna tsugune a bayan duwatsun iyaka suna jiran iska ta kaɗo ɗaya ta wajensu.

Na kai mata gero sau uku ko huɗu. Daga baya rumbuna ya yi ƙasa, matata ta fara duban fuskata in na ɗauki ƙwarya, sai na daina. Ƙaramar jikar ta kumbura, ta rasu kafin kaka. Ni na yi mata salla, don mahaifina ba ya iya fita a lokacin.

Bayan sadakar bakwai Inna ta ɗaure 'yan tsummokaranta, ta kama hannun yaron da ya rage, ta ce za ta Aujara wajen 'yarta da ke aure can. Na ce ta bari in nemo mata jaki. Ta ce jakunan ma sun mutu, kada in wahalar da kaina. Na raka su har bayan gari. Sau biyu na buɗe baki zan faɗa mata, sau biyu na fasa. Ta ce in gaida mahaifiyata, in ce ta yafe mata in akwai wani abu tsakaninsu.

Wata biyu bayan haka wani mai tallan kanwa ya kawo labarin Inna tana kwance. Na nemi izinin hakimi na kama hanya, na isa na tarar an binne ta tun jiya. 'Yarta ta shimfiɗa mini tabarma a zaure, ta kawo ruwa da ɗan gari a ciki, tana ta ba ni haƙuri wai ba abin da za ta ba ni. Ta yi ta godiya da na taso tun daga Dutse. Na sha, na yi addu'a, na juyo. Kashegarin dawowata aka ce Bature ya sauka a bariki, aka aiko in zo, na sa rigata na tafi.