Mawaƙin da Ya Faɗa Cikin Albasa

Mainasara manomin albasa ne a Goronyo, gonarsa ba ta da nisa da dam. Tun yana yaro yake son rawa, amma a gidansu ba a kiɗa ba a roƙo, don haka iyakarsa ya taka a gona in ba kowa.

Wata rana a waya ya ga waɗansu mutane sun kewaye tebur, ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda yana magana da bakinsa. In an zo wurin haɗari sai a jefa ƙwayar lido, lambar da ta fito ita ke yanke hukunci. Abin ya shiga ransa. Ya shimfiɗa tabarma a zaurensa, ya kira abokansa biyu. Yusha'u masunci, mai bakin labari, ya zama mai jan wasan. Bilyaminu mai gyaran injin ban ruwa ya zaɓi maharbi. Shi kuwa Mainasara ya ƙirƙiro Gwanin Taku, mawaƙin da ba ya riƙe makami, in ya yi rawa abokan gaba su manta abin da ya kawo su.

Yusha'u bai taɓa yarda da wannan ba.

"Kura ta taso maka," in ji shi. "Mi za ka yi?"

"Rawa zan mata."

"To ta canye ka."

"Haba Yusha'u! Ba mu ko jefa ƙwaya ba!"

"Ni ban taɓa ganin kura ta tsaya kallon rawa ba."

Haka Gwanin Taku ya yi ta mutuwa, Mainasara yana ta da shi da gardama. Duk da haka ya jingina waya da tulu yana ɗaukar wasan, ya hau tudu neman sabis ya ɗora a intanet. Masu kallo ba su taka kara sun karya ba, kuma rabinsu tambaya suke ko caca ce. Har kawunsa Alhaji ya zo ya zauna a zauren, ya kalli wasan daga farko zuwa ƙarshe, ya tashi yana kaɗe riga.

"Ba caca ba ta," ya ce. "Caca ta hi wanga ma'ana."

Adawiyya matar Mainasara ce ta ce masa mutane ba za su gane rawar da ake yi da baki ba, ya tashi ya taka su gani. Sai ya ɗaura rawani, ya tsaya a kan kunyar gona, Bilyaminu ya riƙe waya. Ya fara bayanin wane ne Gwanin Taku, sannan ya soma juyi. A juyi na uku kunyar ta zabtare, ya tafi da baya cikin fangalin albasa da aka gama yi wa ban ruwa, ƙafafu a sama.

Bilyaminu ya yanke bayanin duka, ya tura wa abokansa faɗuwar kaɗai. Kafin mako ya zagayo, bidiyon ya kai Rabah da Wurno. A kasuwa masu sayen albasa suna ganin Mainasara suke dariya, suna roƙonsa ya sake faɗuwa. Ya yi sabon bidiyo yana bayyana dokokin wasan a tsanake. Wanda ya fara yin sharhi ya rubuta, "Ina wurin da yake faɗuwa?"

Mainasara ya daina gaisawa da Bilyaminu har aka cire albasa.

Bayan an yi sulhu ne wani tela daga Wurno mai suna Yazid ya yi sallama a zauren. Ya ce ya kalli bidiyon dokokin har ƙarshe, yana so a sa shi, zai zama makaɗin Gwanin Taku. Mainasara ya shiga gida da sauri ya ce Adawiyya ta damo fura.

Suka zauna, aka fara. Yusha'u ya gyara murya ya ce mawaƙi da makaɗinsa sun shiga kwalekwale, kwalekwalen ya kife, su biyun ba su iya iyo ba.

Yazid ya dubi Mainasara. "Kullum haka shika yi?"

"Kullum," in ji Mainasara. "Ka dawo Juma'a mai zuwa da gangar gaske. In ya buɗe baki ka kaɗa mishi ita a kunne."